Baƙon Hajo Mai Cin Ciyawa

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Margaret, tsohuwar ba ta yi maganar ƙugunta da ya karye ba. Hannun Hajo ta riƙe, ta nuna keji da baki, ta ce, "Eli amana ne a hannunki."

Shekara huɗu Hajo tana aikin kula da tsofaffi irin su Margaret a gidajensu a unguwar Ladywood, kuma tun da hukuma ta mayar da kowace ziyara minti goma sha biyar, ko kallon kejin ba ta samun yi. Eli chinchilla ne, wata 'yar dabba mai kunnuwan zomo da gashi kamar auduga. Hajo dai gafiya take ce masa. Amma shi kaɗai ya rage wa Margaret a duniya, don haka ta kinkimo shi zuwa gidanta.

To, Hajo ba ta san a yi baƙo a bar shi da yunwa ba. Da ta buɗe jakar abincinsa ta ga busasshiyar ciyawa, sai da ta yi salati. Baƙo guda, a gidanta, ya ci abincin akuya? Ta tura jakar ƙarƙashin gado, ta shiga ɗura masa dabino da soyayyar gyaɗa. Wata guda ana wannan karamci. Daga baya ya fara ɗaukar gyaɗar yana yarwa, haɓarsa kullum a jiƙe da yawu. Hajo ta ce ƙoshi ne, tunda ga shi nan ɓul-ɓul.

Wata Asabar ƙanenta Uba ya zo daga Manchester, inda yake digirin ƙarshe a kan abincin dabbobi. Yana ɗaga Eli fuskarsa ta sauya.

"Yaya Hajo, kawo hannunki. Tura yatsa cikin gashin."

Ta tura, ta ji haƙarƙari a jere kamar tsinken tsintsiya. Suka ɗora shi a sikelin da take auna fulawa: giram ɗari huɗu da ashirin. Katin da Margaret ta liƙa a keji ya ce ɗari biyar da tamanin.

"Haƙoransa ba sa daina tsiro," in ji Uba. "Ciyawar da kika raina ita ke goge su. Yanzu sun yi tsawo, tauna ciwo take masa. Monday sai vet, likitan dabbobi, babu wani excuse."

"Wayyo ni, da hannuna zan kashe wa baiwar Allah ɗanta!"

"Bai mutu ba. Amma ki daina yarda da ido, gashi yana rufa asiri. Ki taɓa, ki auna."

Likitan dabbobi ya rage haƙoran. Hajo ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado cike da kunya. Kullum da safe ta auna Eli, ta aika wa Uba hoton sikelin, shi kuma ya amsa daga cikin bas a Oxford Road, har da tsiya: "Yau ba a ba mai gida dabino ba?" Nauyin ya riƙa dawowa giram biyar, giram goma. Ranar da ya haye ɗari biyar da hamsin, ta yi ta sa wa ƙanenta albarka har ya gaji da cewa amin.

Da aka sallami Margaret, Hajo ta kai mata kayanta. Tsohuwar ta rungume Eli tana hawaye, tana cewa ko kaɗan bai canza ba. Ita ma ga ido haka take, cikin rigunan sanyinta uku. Sai Hajo ta hango gasasshen burodi a faranti, an gutsura sau ɗaya an ajiye. Ta tura hannu cikin hannun rigar, ta kama damtsen Margaret. Ƙashi ne zalla.

"Mama Margaret, buɗe baki in gani."

Haƙoranta na roba sun yi mata yawa, sun ci dasashi har ya yi miki. Ashe tun kafin faɗuwar da ta karya mata ƙugu take ɓoye abin, don kada ta ɓata wa Hajo 'yan mintunanta.

Hajo ta kira GP, wato likitan unguwa, sannan ta tuɓe agogonta ta jefa a jaka, ta ɗora kunu a wuta. Kafin ya tafasa ta zaro ciyawa mafi tsawo, ta durƙusa gaban keji, ta miƙa da hannu biyu.

"Ungo, malam," ta ce. "Na gode da karatu."