Tsuntsun da Ya Ci Kisra

Mato ya ɗaga kwandon a hankali. Tsuntsun ya dube shi, bai ko motsa ba. Ya yi ƙiba.

Farin tsuntsun teku ne, irin masu biyo kogi su sauka kusa da Sinja in sanyi ya shigo. Daktor Abdussalami, malamin jami'a daga Khartum, shi ya ce a kama masa da rai. Wai abin da tsuntsu ya ci yana barin alama a jininsa, ta nan za a gane ko maganin feshin auduga ya shiga kifin kogi. In aiki ya yi kyau, kwalekwalen Mato zai riƙa ɗauka haya har tsuntsayen su tafi. In ya ɓaci, Mato ya koma tsinkar auduga a gonar wani.

Sharaɗi ɗaya Daktor ya kafa: a ba tsuntsun ruwa kawai, gobe zai dawo. Mota ta lalace masa, goben ta yi nisa.

Yanzu ga shi tsugunne a tsakar gida, allura a hannu.

"Bai ci komai ba ko, ya Mato?"

Mato ya dubi ƙasa. Da zai ce "e", da an wuce wurin.

"Ya ci," in ji shi.

"Me?"

Iya Barakatu, uwar Mato, ce ta amsa daga bakin murhu. "Kisra, wainarmu ta dawa, da nono. Ran Juma'a har da ɗan nama."

"Hajja, na ce ruwa kawai."

"Mato ka gaya wa, ɗana, ba ni ba. Mai rai ya kwana gidana da yunwa? Kai za ka amsa mini gaban Allah?"

Daktor ya daɗe yana duban allurar. Sannan ya mayar da ita jaka.

"In na auna wannan, girkinki zan kai jami'a."

"Ai ba za su raina ba."

Ya yi murmushi, ya juya ga Mato. "Da ka yi shiru, da na rubuta ƙarya da hannuna. Gobe mu kama wani. Amma a kwalekwale zan ɗibi jinin, kafin Hajja ta gan shi."

Mato ya saki numfashi. Ya kwance zaren ƙafar tsuntsun, ya ɗaga shi sama, ya sake. Tsuntsun ya kaɗa fiffike, ya sauka kan danga, ya dubi wajen kogi.

Sai ya diro, ya taka zuwa murhu.