Taki Arba'in Daga Ofishin Likita

Lambar da ta fito a kwamfutar Injiniya ta sa shi washe baki: gudun intanet ya kai megabit tamanin a ofishin Likita, inda jiya da ƙyar yake samun goma sha biyu.

Wata biyu ke nan Likita ta hana shi sakat. Hoton ƙirji sai ya yi minti uku kafin ya buɗe, marar lafiya na zaune ya zuba mata ido. Na'urar wayifai ɗin asibitin ta tsufa, kulle kowane saƙo da buɗe shi na cinye mata ƙarfi, sabuwa kuma an ƙi saya. Shi kuwa Injiniya, Allah Ya yi shi da son yabo. Jiya da dare ya cire makullin sirrin ɗungurungum, wai zai mayar in ya gama gwaji. Bai mayar ba.

"Yau kam ka yi aiki," in ji Likita. "Kafin in ƙifta ido hoto ya fito."

Saura awon nisan da sabis ke kaiwa. Ya rungumi kwamfuta, kowane taki goma ya tsaya ya rubuta ƙarfin sabis. Ya wuce ɗakin magani, ya fita ƙofa, sabis bai yanke ba. A taki na arba'in sai ga shi tsallaken titi, a rumfar masu jiran mota, kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Ya duba jerin na'urorin da suka hau layin. Sittin da uku. Na asibitin duka-duka goma sha huɗu ne.

Sauran duk baƙi ne, sun hau saboda babu makulli. Ya buɗe manhajar da ke kama abin da ke yawo a iska, yana addu'ar kada ya ga komai. Sai sakamakon gwaje-gwaje suka fara zubowa a buɗe, suna da shekaru da ciwo, duk mai irin manhajar zai karanta. A na biyar ya tsaya. Sunan yayarsa ne, wadda ta goya shi. Ciwon daji na mama, zuwanta na shida. Sau uku ya karanta, don a gida ko ciwon kai ba ta taɓa cewa tana yi ba.

"Auta! Me kake yi a rana haka?"

Ita ce ta tsallako titi, da jaka a hammata, tana dariya. Sai yanzu ya ga yadda riga ta yi mata yawa. Ya rufe kwamfutar da sauri.

"Aiki nake, Yaya. Ke fa?"

"Maƙwabciyata na leƙo, ta haihu." Ta kakkaɓe masa kafaɗa. "Kada ka ce wa Mama ka gan ni, ka san ta da tambaya."

Ya ce to. Ta shiga mota, ta ɗaga masa hannu. Shi kuwa ya tsaya yana bin mutanen rumfar da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya kasa gane ko su nawa ne suka riga shi sani.