Lambar Madara ta Kaka Onno

Duk wanda ya kawo wa Frauke lambar yabo ta zamanin yaƙin duniya na biyu, fatansa ɗaya ne, ta ce masa ta gaske ce. Ta daɗe tana wannan aiki a gidan gwanjo na birni, masu tara kayan tarihi suna zuba wa bakinta ido. Yau ne karon farko da aka ajiye mata lamba ana fatan ta ce jabu ce, kuma a kan teburin kicin ɗin gidansu.

Yayanta Tjark ne ya tsinto ta naɗe cikin tsumma, a saman katakon rufin tsohon ɗakin shanun da suke rushewa. Ga shi ranar Asabar majalisar ƙauye za ta sa wa titin gona sunan kakansu Onno, mutumin da kowa ya sani bai taɓa rusuna wa 'yan Nazi ba. Babansu Hinnerk ne zai yi jawabi, har ya kai kwat ɗinsa guga.

"To gwana, a duba mana," in ji Tjark. "Ba ke ce mai gane jabu ko a duhu ba?"

"Ta kawunku Eggert ce," in ji Baba, yana zuba shayi a kan ƙanƙarar sukari tana ƙara. "Shi ne sarkin kwaso tarkace. Har hular soja ta roba ya taɓa sayowa."

Frauke ta ciro gilashinta, ta matsa bakin taga. Jabu zubi ake yi mata, sai a ga layin haɗi a gefe da 'yan ramukan kumfa. Wannan buga ta aka yi, gefenta sumul. Masu jabu kan yi amfani da ƙarfe mai kyau, wannan kuwa tutiya ce, irin ta shekarun da tagulla ta tafi harsashi, har farin ruɓin nan ya fara cin ta. A fuska ga kan saniya da zangarniyar alkama. Inda tambarin gwamnatin Nazi yake an goge shi da magagari mai kaushi, irin na gyaran kofato.

Mai jabu ba ya goge tambari, don shi ake saye. Wanda ya ji tsoro bayan an ci 'yan Nazi da yaƙi ne ke gogewa.

Ta juya bayanta. An rubuta: 1943, ga gonar da ta fi kowace kawo madara a gunduma. A ƙasa an zana sunan gonarsu, ruɓin da ke cikin haruffan tsufansa ɗaya da na waje.

"Kin yi shiru, 'yar nan," in ji Baba.

Za ta iya cewa jabu ce, kuma ba wanda zai musa mata. Ta dubi hannun Baba a kan butar shayi.

"Ta gaske ce, Baba. Tamu ce."

Shayin ya cika kofi ya malala a faranti, sai da Tjark ya riƙe masa hannu.

"Sake dubawa," in ji Baba.

"Na duba."

"Haba, ku kuwa!" Tjark ya yi dariyar yaƙe. "Lambar madara ce fa, ba ta harbi ba. Shanu suka yi ƙoƙari, a sa wa titin sunan saniya mana."

"Saniya ba ta tatsar kanta," in ji Baba a hankali.

Ya zauna. Yana magana kamar da teburin yake yi. Onno da hannu ɗaya ya dawo daga yaƙin duniya na farko. Matar Onno kuwa, uwar Baba, a shekarar tana kwance tun bayan haihuwar Eggert. Mazan ƙauye duk suna fagen daga.

"To wa ya tatsa?" in ji Frauke.

"Inna Halina," in ji Baba. "Da wata 'yar siririya da ba ta magana. An ce min danginmu ne daga gabas. Inna Halina ke yi min wanka. Hannuwanta duk sun tsage, idan ta taɓa ni sai in yi kuka."

"A ina take cin abinci?"

Baba ya ɗago, ya dube ta kamar ta mare shi.

"A ɗakin shanu. Kan kifaffen bokiti. Na ɗauka son shanu ne ya yi mata yawa." Ya dafa ƙirjinsa na dama. "Tana da wani ƙyalle a nan, ruwan ɗorawa, da harafin P. Na taɓa roƙon a ɗinka min irinsa."

Ba wanda ya yi masa bayani. Su ukun sun san masu ɗaura wannan harafi, waɗanda aka kwaso daga Poland aka rarraba wa gonaki don aikin tilas, da dokar da ta hana su zama teburi ɗaya da masu gida. A makaranta aka koya wa Frauke wannan, a littafi mai hotunan wasu ƙauyuka.

"Baba, saurara," in ji Tjark, ya daina wasa. "In mayar da ita inda na ɗauko, gobe mota ta kwashe da ɓaraguzai. Wa ya gani? An riga an buga allon titin."

Baba ya ɗauki cokali ya saka cikin kofinsa, alamar ya ƙoshi, alhali ko kurɓa bai yi ba. Tunda Frauke take ba ta taɓa ganin ya tashi kafin kofi na uku ba. Ya naɗe lambar cikin tsummanta, ya sa a aljihu, ya ɗauko hularsa.

"Ina za ka?" in ji Tjark.

"Gidan shugaban majalisa. Su sauke allonsu."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Frauke, ku da kuka san binciken tsofaffin abubuwa. Ana iya gano inda mutum ya ƙare?"

"Wani lokaci, Baba. Mene ne cikakken sunan Inna Halina?"

Ya murɗa hannun ƙofar.

"Ban taɓa tambaya ba."