Iyafis Daga Shagon Suruki

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a Katsina ya zama ɗan siyasa, har Sada tela na Ƙofar Durɓi. Ya sayi ƙaramar rediyo da iyafis mai maƙalewa a ka, don ya riƙa jin labarai ba tare da ƙarar keken ɗinki ta dame shi ba. Kuskurensa ɗaya: a shagon surukinsa, Alhaji Ja'afaru, ya saya.

Ba a jima ba kunnen hagu na iyafis ɗin ya mutu. Matarsa Suwaiba ta ce, "Malam, ai da garanti. In dai ba a kwance shi ba, Baba zai canza maka."

"In je in ce mashi mi? Kayanka ba su da kyau? Mutum ya ba ni ɗiya ban kai ƙara ba, sai a kan iyafis?"

Sada ga kunya ga taurin kai, haɗin da ba ya ƙarewa lafiya. Ya ɗauko reza ya farke wayar kamar mai kwance ɗinki, ya ƙulla ja da kore, ya naɗe da zare tsaf. Aiki ya yi kyau a ido. Da ya saka, kunnen dama ma ya yi shiru.

Ga shi hanyarsa ta kasuwa ta gaban shagon Alhaji take. Sai ya riƙa wucewa da mataccen iyafis a ka, yana kaɗa kai kamar ana zuba masa labarai masu daɗi.

Wata safiya ya cire takalmi da iyafis ya durƙusa ya gaishe da Alhaji. Ya mayar da iyafis, yana saka takalmi, sai ya ji Alhaji yana ce wa maƙwabcinsa, ko rage murya bai yi ba:

"Haruna, ka ga yaron nan? Kwalin iyafis ɗin nan duk lalatacce ne, kowa ya maido na canza mashi. Shi ko ya naɗe nashi da zare yana kaɗa kai, don kada in ji kunya. Sabo na nan na aje mashi, na rasa bakin faɗa. Wallahi ɗiyata ta yi dacen miji."

Daɗi ya kama Sada har idonsa ya ciko da hawaye. Amma in ya juyo, asiri ya tonu. Haka ya wuce yana ta kaɗa kai.

Sai da ya kai Ƙofar 'Yanɗaka ya tsaya cak. Wanda ya san iyafis ba ya aiki, ai ya san ana jin sa.