Saniyar Karuri

"Malama, rubuta kawai, kar ki tsaya gyara mata magana," in ji Karuri, yana tura wa Wamuyu takarda da biro a bakin gadon. "Duk abin da Gwaggo ta faɗa ki juya min da Turanci. Ni sunayen ganyayen nan nasu na tsofaffi ba sa shiga kaina."

Wamuyu ta karɓi biron ba ta ko dube shi ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da Turanci a garin Karatina, kuma shi kansa Karurin ya bi ta hannunta, daƙiƙi ne na ƙarshen aji. Yau ga shi da tumbi da mota, duk albarkacin tsohuwar da ke kwance a gabansu.

Nyaguthii ke nan, maƙwabciyar Wamuyu tun suna amare. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta raini Karuri, ɗan ƙanenta. Kununta mai ɗan tsami, wanda direbobi ke yi wa layi a tasha, shi Karuri ya ɗura a robobi, ya manna hotonta, ya cika shagunan Nairobi da shi. Amma haɗin, ita kaɗai ke yi, ƙofa a rufe. Wata takwas bai leƙo ta ba. Da likita ya ce sai dai haƙuri, sai ga shi da sassafe, sirrin ya zo karɓa.

Wayarsa ta yi ƙara, ya fita tsakar gida. Ta taga suna jin sa yana ɓaɓatu da Turancin 'yan kasuwa, wai harkar gold mine ce, wai money-spinner ce, abokinsa ya kwantar da hankali. Sai ya yi dariya ya ce cash cow ɗinsa ce dai ke shirin kwanciya, amma kafin azahar zai gama da ita.

Nyaguthii ta yi murmushi, leɓenta duk a bushe. "Kin ji shi? Ko a waya bai manta da ni ba."

Wamuyu ta san laifin nata ne. Shekara biyu da suka wuce tsohuwar ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Malama, mece ce cash cow? Na ji yaron nan yana gaya wa abokansa ni ce tasa. Cow dai na san saniya ce." A wurinsu kuwa saniya ba zagi ba ce, ita ce ke riƙe gida, da ita ake auro mace. Wamuyu ta ga yadda idonta ke ƙyalli, ta kasa gaya mata gaskiya. Ta ce, "Saniya mai albarka." Tun daga ranar babu matar da ba ta ji a coci ba cewa Karuri saniyarsa yake ce wa gwaggonsa.

Wamuyu ta tsani yaron nan, tsana ta gaske. Ta ajiye biron.

"Yaya, ƙarya na yi miki. Ba yabo ba ne."

"Mene ne to?"

"Saniyar tatsa. Wadda ba a so don komai sai nononta. Haka suke kiran duk abin da ke zubo musu kuɗi ba wahala. Yanzun nan cewa ya yi saniyar za ta faɗi, bari ya tatse ragowar."

Tsohuwar ta ɗaga ido ta kalli kwanon rufi.

"Shekara biyu," ta ce a hankali. "Kina zaune kusa da ni a coci ina yawo da ita a baki. Matar fasto ma ta iya Turanci, ko?"

Tsohuwar ta nuna ƙofa da haɓa.

"Kira min shi."

Ya shigo yana goge fuska, har da durƙusawa. Nyaguthii ta lissafa masa komai, gero kaza, dawa kaza, garin rogo, ganyen da ake tsinkowa a bakin rafi, kwanakin jiƙo. Wamuyu tana rubutawa cike da takaici. Wato duk da haka sai ta ba shi? Karuri ya fizge takardar, ya ɗauki hoton rubutun da waya, ya ce akwai taron da ke jiransa. Ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

Sai da ƙarar motar ta ɓace Nyaguthii ta ce, "Duba ƙarƙashin gado."

Wata tsohuwar gora ce, ta yi baƙi, an toshe bakinta da ganyen ayaba.

"Tsamin haɗa kunu ne na uwata, ita ma uwarta ta ba ta. Kullum sai na ciyar da shi da sabon gari. In babu cokali ɗaya na wannan, abin da kika rubuta masa ko kare ba zai sha ba. Ranar da aka rufe ni, ki zubar."

"Yaya, ki bar min mana, ko don..."

"Ke ma ba ki cancanta ba."

Ta juya fuskarta bango. Kwana huɗu Wamuyu tana zuwa, tana juya ta, tana ɗiga mata ruwa a baki. Nyaguthii ta yi magana da fasto, ta yi da mai kawo madara, amma Wamuyu ko kalma ɗaya ba ta ƙara samu ba. Ranar Alhamis da hantsi ta cika.

A wajen binnewa Karuri ya raba riguna masu hotonta, ya riƙe lasifika ya yi kuka, ya yi alkawarin kunun Gwaggo zai kai har Mombasa. Wamuyu tana tsaye a baya tana kallonsa, kuma ba za ta ɓoye ba, daɗi ta ji har cikin ƙashinta.

Da mutane suka koma rumfa cin abinci, ta zagaya bayan gidan da gorar a ƙarƙashin mayafi. Ta cire ganyen, ƙamshin ya bugi hancinta. Sannan ta tuntsurar da ita a gindin ayaba. Tsamin ya gangara a hankali, fari, mai kauri, jar ƙasa tana shanye shi. Kajin marigayiyar suka taho da gudu suka kewaye wurin.