Goron Gayyar Ciyaman Basiru

A Ɗorawar Tudu, wani ƙauye a gabashin Gezawa inda ƙarshen gonar wani shi ne farkon ta wani, ba a taɓa yin gayyar noma an rasa Muntaka da gangarsa a bayan manoma ba. Kiɗan gado ya yi a wurin mahaifinsa, kuma ba gangar kaɗai ya gada ba, har da taken kowane gida. Kowane magidanci a garin yana da nasa take, wato ɗan kiɗan da in aka buga kowa ya san da wa ake. Wani ma na kakansa ne ya sauko masa tare da garma. In Muntaka ya bi bayan mutum ya saki takensa, ko da zazzaɓi ya kwana sai ya tsere wa na kusa da shi.

Sai dai makaɗin noma ba ya kai kansa gayya. Mai gona ne zai aiko masa da goro kwana biyu ko uku kafin ranar, in goro bai zo ba ganga tana rataye. Shekara talatin da ɗaya ke nan, goron da ya fi yi wa Muntaka daɗi shi ne na Basiru. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka sha bulalar makarantar allo, kuma gonakinsu iyaka ɗaya, layin gamba ne kawai ya raba su. Basiru ba ya aiko kowa, da kansa yake kawowa, su zauna a dakali su ɓare shi suna tsokanar juna. Ko da aka naɗa shi ciyaman na jam'iyya a mazaɓa ya koma sa doguwar hula, bai fasa ba.

Bana ne abin ya zo da gardama. Kafin zaɓe Onarabul, ɗan takarar jam'iyyar su Basiru, ya zo har gindin ɗorawa ya yi alkawarin takin zamani, buhu biyu kowane gida. Aka yi zaɓe, ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka gama noman firi, taki shiru. Abin da ya rage wa gari daga Onarabul shi ne fastarsa da ke manne a jikin ɗorawa, yana ta murmushi da haƙora a waje.

A gayyar Abdulmumini, wani ƙaƙƙarfan manomi da ba a taɓa ganin bayansa a kunya ba, Muntaka ya dubi geron da ya yi rawaya, abin ya taɓa masa zuciya. Bai shirya ba, bakinsa ne kawai ya saki:

"An ce taki na hanya, mun share zaure,
Gero ya kai gwiwa, taki bai zo ba.
Ga hoton mai taki a jikin ɗorawa,
Shi yana dariya, gero na rama."

Manoma suka kwashe da dariya, suka karɓi layin ƙarshe ya zama amshi, aka nome gonar kafin azahar. Da a da ne, da waƙar ta ƙare a nan, iska ta kwashe. Amma yanzu kowa da waya a aljihu. Wani ya ɗauka ya saka, kafin kwana uku ta kai Kano.

Muntaka, wanda wayarsa ta kira da amsawa ce kawai, a bakin mutane ya riƙa jin labarin kansa. Sojojin baka suka hau rediyo, wani ya ce maroƙi ne da aka saya da kwanon masara, wani ya ce a bincika ko ɗan garin ne ma. 'Yan adawa kuwa suka liƙa tambarinsu a jikin bidiyon kamar su suka sa shi. Biyu daga cikinsu har gida suka zo da maganar sabon babur in zai yi musu waƙa. Ya ce musu shi makaɗin garma ne, ba ya kiɗan kujera. Suka fita suna cewa matsoraci ne. Ranar kasuwar Gezawa mai shayin da ya saba zama wurinsa ya kau da kai kamar bai gan shi ba, wani mai kayan miya kuma ya ƙara masa tattasai ya ce Allah ya ƙara lafiya. Ya dawo gida yana ba matarsa Aina'u labari yana dariya.

"Ke kin ji, yau an zage ni an kuma ba ni gyara, duk a kan baiti ɗaya."

"To Malam, ai magana zarar bunu ce," in ji ta. "Amma ƙarya ka yi? Ba ga geron nan ba kowa na gani?"

Duk wannan bai hana shi cin tuwo ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: gayyar maimai ta Basiru ranar Asabar ce, ga Laraba ta yi, goro bai zo ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar Basiru ya yi sallama. Muntaka ya fito da fara'a, idonsa a kan aljihun babbar rigar. Aljihun a lafe yake. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima, irin ta mutanen da ke kewaye magana.

"Muntaka, ka ja mini," in ji Basiru a ƙarshe. "An kira ni sakatariya, an ce a mazaɓata aka yi, kuma aminina ne ya yi. Abu kaɗan nake roƙo. Ga waya, ka ce kuskure ne, wasa kake, kana neman afuwar Onarabul. Minti ɗaya."

"Takin ya zo ne, Ciyaman?"

"Yana hanya."

"To ai abin da na ce ke nan, an ce yana hanya. Ranar da ya iso, wallahi ni zan fara rera cewa ya iso, har da taken Onarabul zan ƙirƙira masa. Amma in ce gero bai rame ba alhali ga shi nan a tsaye? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, shi ke nan abin da kuke yi."

Basiru ya miƙe ya kakkaɓe riga. "To Asabar ka huta. An ba ni lasifika daga ofis, da waƙoƙin jam'iyya."

Da ya tafi, Muntaka ya daɗe a dakali. Zagin rediyo bai yi masa zafi ba, amma wannan ya yi, har ya ji ƙwalla ta taru masa. Aina'u kuwa ta ji komai ta bayan danga.

Asabar gari ya waye tas, bayan ruwan da aka yi jiya. Muntaka ya saɓa fartanya zai tafi tasa gonar, sai ya tarar Aina'u ta sauko da gangar daga inda take rataye ta jingine ta a rana. Da damina fatar ganga takan yi sanyi ta saki, sai ta sha rana take magana.

"Wannan fa? Wa ya ce miki akwai kiɗa yau?"

"Shara zan yi, Malam, ta tare mini hanya."

Ya dubi gangar, ya dubi ƙusar da ke can sama kusa da rufi inda tsintsiya ba ta kaiwa, ya yi murmushi ya wuce.

Yana cikin gonarsa yana ganin komai ta saman gamba. Maza kusan arba'in sun jeru a bakin gonar Basiru. An turo lasifika a baro tare da batirin mota, aka kunna. Waƙa ce mai daɗi kuwa, ta birni, da fiyano da komai, tana cewa Onarabul hasken gari ne, Onarabul ruwan damina. Matsalar ita ce waƙar rawa ce, saurinta ba na fartanya ba ne. Wanda ya bi ta sai ya sassare gero, wanda ya ƙi bin ta sai ya rasa abin bi. Kuma tun da aka kunna ta suna ɗaya take kira, mai sunan kuwa ba ya cikin gonar. Layin ya karkace, wasu sun yi gaba, wasu sun tsaya gyaran ƙota, wasu biyu ma sun jingina da fartanya suna gardamar ƙwallo. Abdulmumini, da kullum shi ke jan gaba, yana tafe a tsakiya yana noma kamar wanda aka yi wa dole.

Hantsi ya dubi ludayi, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a ci ba. Ga fura an dama, ga tuwo mata na tuƙawa a gida, ga hadari ya fara ɗan haɗowa daga gabas. Gayyar da ba ta ƙare a yininta ba abin kunya ce ga mai gona, za a yi shekara ana ba da labari. Muntaka ya ji Abdulmumini ya ɗaga murya.

"Ciyaman, wannan akwatin naka bai san ubana ba. Tun safe nake jira ya kira ni."

Aka yi dariya. Muntaka ya sunkuyar da kai ya ci gaba da nomansa, kamar bai ji ba, alhali kunnensa duka yana can. Hannunsa har ƙaiƙayi yake. Amma ko da gonar za ta kwana, ba zai tsallaka gamba ba sai da goro.

Sai ya ji ƙarar lasifika ta ɗauke. Can ya ji motsin gamba, ya ɗago. Basiru ne, ya cire doguwar hular, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya ya yi gyaran murya, ya dubi geron Muntaka kamar shi ya zo dubawa.

"Sannu da aiki."

"Yawwa Ciyaman, sannu da hidima. Ya na ji mawaƙinku ya yi shiru? Ko ya gaji?"

Basiru ya matso kusa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da goro ɗaya, fari, ya miƙo. Muntaka ya goge hannu a wando ya karɓa, ya ɓare shi biyu, ya miƙa wa Basiru rabi kamar yadda suka saba.

"Amma don Allah," in ji Basiru, "ban da waƙar taki."

"Gonarka ce, abin da ba ka so ba zan rera maka a ciki ba. A tawa da kasuwa kuwa, bakina nawa ne, kuma afuwar nan ba zan nema ba."

"Na ji. Je ka ɗauko ta."

Gidan ba nisa, kuma gangar ta sha rana har ta yi ɗumi. Aina'u ta miƙo masa ita da gula, ta kasa ɓoye dariyarta.

Da ya shiga gonar ya saki bugu na farko, sai da tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. Ya fara da taken Abdulmumini. Mutumin ya yi wata kururuwa, ya tofa yawu a tafi, ya duƙa, ƙasa ta fara tashi. Muntaka ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da na gidansu, wane jikan wane, mai rumbu uku, wanda bai taɓa sayen hatsi a kasuwa ba. Layin da ya karkace ya miƙe, fartanyu arba'in suna sauka lokaci ɗaya. Daga nan ya juyo wajen Basiru, wanda ke tsaye a gefe hannu a baya irin na manya, ya saki taken marigayi mahaifin Basiru. Basiru ya yi shekara biyar bai riƙe fartanya a gayya ba. Sai ga shi ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan lasifikar, ya karɓi fartanya a hannun wani ya shiga layi.

Muntaka ya cika alkawari, bakinsa bai ambaci taki ba. Amma kiɗan noma kiɗan noma ne, saurinsa ɗaya da na ranar gayyar Abdulmumini. Can ƙarshen layi wani ya ɗauko, a hankali: "An ce taki na hanya, mun share zaure." Na kusa da shi ya karɓa. Kafin a kai ƙarshen kunya, gonar duka ta ɗauka. Muntaka ya matso kusa da Basiru yana kaɗawa, ya buɗe bakinsa ya nuna masa goron da yake tauna, don ya shaida ba shi ba ne.

Basiru ya ɗago ya dubi mutanensa, rabinsu 'yan jam'iyyarsa ne, da hannunsa ya raba musu hula lokacin kamfe. Ya dubi geronsa, wanda ya yi rawaya daidai da na kowa. Ya girgiza kai.

"Ni ma fa ko buhu ɗaya ban gani ba," ya ce, yadda Muntaka kaɗai zai ji.

Ya sake duƙawa. An gama gonar kafin hadarin ya iso. A kunyar ƙarshe Muntaka yana bayansa daf, yana jin fartanyarsa na sauka a kan kiɗa, kuma da aka zo amshi ya ji muryar Ciyaman ƙasa-ƙasa a cikin ta jama'a: "Shi yana dariya, gero na rama."