Dokin Ƙofar Gidan Tomezo

Wata huɗu Tomezo ya yi kwance a asibiti bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, sannan wata ma'aikaciyar asibitin ta zo duba gida da abin awo a hannu. A zaure ta tsaya. Ta auna dokin ƙofar nan da ake tuɓe takalmi a gabansa kafin a hau cikin gida, ta ga ya kusa kai gwiwa. Ta rusuna wa matarsa Setsu har sau biyu, ta ce muddin keken guragu ba zai iya shiga ba, ba za a sallamo shi gida ba. Akwai gurbi a gidan tsofaffi na bayan tasha.

Gidan tsofaffi! Mutumin da aka haifa a ɗakin ƙurya na gidan nan, wanda ya shekara hamsin yana ɗinka tabarmar daɓen ɗaki da ake kira tatami ga duk unguwarmu? Ran Setsu ya ɓaci ƙwarai.

Dokin ƙofar kuwa ba katakon banza ba ne. Surukinta ne ya saro icen da hannunsa. Ranar da aka kawo ta amarya, a kansa ta yi tuntuɓe, surukarta ta ce, "To, an kawo mana mai ƙafar agwagwa." Ita ta koya mata goge shi da dusar shinkafa a ƙulle cikin tsumma, har ya riƙa sheƙi kamar an shafa mai. A kansa mai kawo wasiƙa yake zama ya sha shayi. A kansa maƙwabta mata suke kwance gulmar gari, ƙafafunsu a ƙasa cikin takalmi, don wai ba shiga suka yi ba, wucewa suke yi. Wucewar awa biyu! Yawancinsu duk sun rasu, Setsu kuwa tana kewarsu, har da masu baƙin bakin.

Kwana uku tana jan ƙafa, sannan ta kira Onuki kafinta, abokin Tomezo tun suna 'yan makaranta. Ya zo da zartonsa, ya shafa katakon ya ce, "Setsu, yanzu ba a samun irin wannan. Kin tabbata?"

"Na kira ka ne ka yi mini ta'aziyya, ko ka yi aiki?"

"Ni dai kada gogan ya dawo ya ce ni na lalata gidan ubansa."

"In ya dawo ya zage ka, ai ya dawo ɗin kenan. Yanka!"

Ta faɗa da ƙarfi, amma da zarto ya fara kuka sai ta sulale bayan gida, wai za ta duba kabejinta. Onuki ya cire tsakiyar dokin, ya shimfiɗa gangaren katako tun daga bakin titi har cikin gida, ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ita dai sai da ta kwana biyu tana ɗaga ƙafa ta tsallake abin da babu shi.

Ranar sallama an ɗan yi yayyafi. Motar asibiti ta tsaya, ma'aikaciyar ta turo Tomezo, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Suka hau gangaren lafiya lau. Suna isa daidai inda dokin yake a da, sai tsoho ya sa hannunsa mai lafiya ya ja birki, ƙiii.

"Baba, lafiya?" in ji Setsu, don haka take kiran mijin nata.

Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar. "Tayar nan ta taka titi."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce ba komai, Kaka, kowa haka yake shiga.

"Kowa a gidansa," ya ce. "Ubana ya mari ɗan sanda a nan don ya ɗora takalmi. Ni zan hau tabarmar da na ɗinka da laka? Mayar da ni mota."

Kai, taurin kan mutumin nan! Setsu ta san shi sarai. In ya ce a mayar da shi, to har gidan tsofaffi zai tafi yana cije baki, ya mutu a can bai ce ya yi kuskure ba. Tsoro ya kama ta. Duk cikinsu, da ita da Onuki da mai awo, ba wanda ya tuna cewa ƙafar keke ma ƙafa ce.

Ba ta yi masa gardama ba. Ta shiga ta ɗauko bokiti da tsumma, ta durƙusa a gabansa da gwiwoyinta masu ciwo. Ta goge taya ɗaya, ta sa aka ɗan tura, ta goge inda ya rage, haka har ta zagaye duka huɗun. Sannan ta kwance masa takalmansa, waɗanda wata huɗu ba su taɓa ƙasa ba. Ta jera su a zaure, ta juya bakinsu waje, kamar yadda ake yi wa wanda gobe zai sake fita.

Tomezo ya daɗe yana kallon takalman. Sannan ya saki birki.

"Na dawo," ya ce.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Setsu, tana share ido da bayan hannu. "Gobe kai za ka riƙe bokitin."